Tsoro na daji, kunya na gida: abin da na koyo a ƙarƙashin teku

Assalamu alaikum. Ni likitan dabbobi ne, haifaffen Maradi, nan nake aiki, nan iyalina suke. Yawancin kwanakina tsakanin garke da mahauta da ƙauyuka suke ƙarewa, ina allurar rigakafi, ina duba jar akuyar nan tamu da kyan fatarta ya kai sunan garinmu ƙasashen waje. Kaɗan ne suka san akwai shekarun da na yi ina shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska goye a bayana, don sha'awa kawai. Wanda ya ji, tambaya biyu yake yi: ba ka ji tsoro ba, kuma me ka gani a can? Tsoro na ji shi, abubuwan al'ajabi kuma na gani. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai wata ƙa'ida ce ta masu nutso wadda ta ci karo da tarbiyyar da aka yi mana tun muna yara, kuma na ga ranarta a nan gida, inda ko ƙamshin teku babu.

Mu ruwa baƙonmu ne na damina. Gulbi ya taso daga wajen Katsina, ya cika, ya yi ƴan watanninsa, ya janye ya bar mana rairayi da fadama. In ka cire Tafkin Madarunfa, babu wani babban ruwa da muka taso muna gani. Teku kuwa sai a bakin direbobin manyan motoci masu ɗauko kayan alhazai daga Kwatano da Lome, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Innarmu, Allah ya ji ƙanta, ta hana mu ko raɓar kududdufi, ta ce akwai ƴan ruwa masu jan ƙafar yaro. Ko mene ne ke ja, tana da hujjarta, don da wuya damina ta wuce ba a ciro gawar ɗan wani daga ramin da aka haƙi ƙasar gini ba. Haka na girma, na gama sakandare, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba.

Karatu ya kai ni Dakar, makarantar likitancin dabbobi da ƙasashen Afirka suka haɗu suka kafa. A ajinmu akwai wani Balebe ɗan Ngor. Lebu su ne masuntan asali na bakin tekun Dakar, yaransu tare suke koyon tafiya da iyo. Da ya gane ban iya ruwa ba bai yi mini dariya ba, damuwa ce ta kama shi, ya ce mutumin da ke shiga jirgin ruwan tsibirin Gore bai iya iyo ba ya sayar da ransa arha. Shi ya riƙa jana zuwa wurin iyo kowace Asabar har na iya. Daga nan ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon sojan ruwa, mai koyar da nutso. Zan kira shi Malam, don haka na ɗauke shi.

Ranar farko Malam bai bari mun taɓa kayan aiki ba. Ya zaunar da mu a inuwa, ya ɗaga babban yatsansa sama, ya ce mu faɗi ma'anarsa. Duk muka ce lafiya lau ke nan. Ya ce a tudu ne haka. A cikin ruwa, lafiya lau shi ne ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Babban yatsa sama kuwa yana nufin an gama, a hau. Sannan ya faɗi maganar da har yau nake jin muryarsa a kanta:

"Kowa a cikinku yana da ikon ɗaga wannan yatsa, ko yaushe, ko da dalili ko babu. In ɗaya ya ɗaga, duka ayarin ya hau. Ba a tambayarsa dalili a ƙasa, ba a yi masa gori a sama. Wanda na ji ya yi wa wani gori, ba zai sake shiga jirgina ba."

A lokacin na ɗauka lallashin sababbin shiga ne. Daga baya na tarar ko'ina masu nutso suke a duniya, wannan ƙa'ida suke bi, manya da ƙanana.

Mutane da yawa suna zaton oksijin ne zalla a cikin tukunyar. Iskar nan ce da muke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin, aka tace aka danna ta da inji. Oksijin zalla ma guba yake zama in an wuce kimanin mita 6. Tukunyar da muka fi amfani da ita mai lita 12 ce, a cika ta zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), wato lita 2,400 na iska a matse a bayanka. Na'urar da ke sassauta wannan matsi ta miƙo maka iska daidai da zurfin da kake, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan. Sai rigar da ake hura wa iska ko a sace ta don daidaita nauyi, da ɗamarar dalma, da gilashin fuska, da takalman iyo, da agogon da ke nuna sauran iska. Akwai kuma bututun shaƙa na biyu, mai launin rawaya. Wannan ba naka ba ne, na ɗan uwanka ne, an yi shi rawaya don ya gan shi da sauri ranar da tasa ta ƙare. Ba a shiga ruwa kai kaɗai, kuma kafin a shiga sai abokin tafiyarka ya duba kayanka ka duba nasa, ko da shekararsa ashirin yana nutso.

Malam ba mai dogon bayani ba ne, nunawa yake yi. Wata rana ya sauka da mu da robar ruwan sha fanko, a rufe. Da muka kai mita 10 ya nuna mana ita ta lotse, ta yamutse. Ya buɗe ta, ya cika ta da iska daga bututunsa, ya rufe. Da muka hau ta kumbura ta yi tauri har tana neman fashewa. Lissafin ke nan duka: kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara maka nauyin da ya kai na dukkan iskar da ke kanmu a tudu. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Shi ya sa kunne ke fara ciwo tun a mita biyu ko uku, sai ka toshe hanci ka hura a hankali, tun kafin ciwon ya zo. Wanda ya daure ya ci gaba da sauka, dodon kunnensa ne zai fashe. Shi ya sa kuma babbar dokar nutso da tukunya ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, musamman wajen hawa. Ni da nake riƙe huhun akuya a hannuna a mahauta na san laushinsa, ɗan yatsa ma yana huda shi. Huhun mutum bai fi shi ƙwari ba. Iskar da ka shaƙa a ƙasa in ka riƙe ta ka hau, za ta buɗe a cikin ƙirjinka, kuma hawan da bai kai mita biyu ba ya isa ya yaga huhu.

Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa. Muna durƙushe a kan rairayi, Malam ya zo gabana, ya riƙe madaurin rigata da hannu ɗaya, ya yi mini alama. Na cire. Ruwan sanyi ya bugi fuskata, gishiri ya shiga idona, ruwa ya taɓa ƙofar hancina. Duk jikina ya ce mini tashi ka gudu sama. Bututun yana bakina, iska tana zuwa, babu abin da na rasa, amma zuciyata ta ƙi yarda. Sai na ji hannunsa ya ƙara matse madaurin, ɗayan kuma ya ɗora tafinsa a ƙirjina yana dannawa a hankali yana saki, yana ba ni ƙidayar numfashi. Na bi hannun. Shaƙa, fitar. Shaƙa, fitar. Da bugun zuciyata ya lafa na mayar da gilashin, na ɗaga kai, na danne samansa, na hura iska ta hanci har ruwan ya fice ta ƙasa. Na buɗe ido na ga nasa idon ta cikin gilashi, yana jira. Na yi masa zobe da yatsu. Ya girgiza kai, ya nuna ƙirjina da ke hawa da sauka, ya ƙi karɓa sai da numfashina ya daidaita da gaske. A sama ya ce mini, alamar lafiya lau amana ce, ba gaisuwa ba ce, kada in ba da ita sai in gaskiya ce.

Abin da ke ƙasan kuwa, gani ya kori ji. Launin ja shi ke fara ɓacewa, tun wajen mita biyar, har jini in ya fito sai ka gan shi kore-kore. Komai yana ƙara girma a ido da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauti yana gudu fiye da ninki huɗu na yadda yake yi a iska, don haka kana jin injin jirgi amma ba ka san ta ina yake ba. Na ga kifin cof, wanda Sanagalawa ke ji da shi a shinkafarsu, ya tsaya a bakin kogonsa yana kallona ba ko gezau. Na ga garken ƙananan kifaye dubbai suna juyawa lokaci guda ba mai karo da wani, na yi tasbihi da bututu a bakina. Na kuma ga ɓarnar ɗan Adam: tsofaffin tarunan roba da suka maƙale a duwatsu suna ci gaba da kama kifi shekara da shekaru ba mai ɗiba. Haidar El Ali, mai nutson da ya jagoranci Oceanium, cibiyar nutso da kare muhalli ta Dakar, kafin ya zama ministan muhalli na Sanagal a 2012, ya daɗe yana yaƙi da wannan, kuma mu ma mukan fita da wuƙa mu yanko abin da ya sauwaƙa.

Akwai wani ƙanenmu ɗan Nijar da ya zo makarantar bayana. Ƙaƙƙarfa ne, ya yi kokawa a garinsu, kuma ya riga ni iya ruwa nesa ba kusa ba. Ya bi ni wurin Malam, ya sami takardar matakin farko, wadda a tsarin Faransa take ba ka mita 20 tare da jagora. Wata ranar Lahadi aka haɗa mu abokan tafiya. A ayarin akwai wata Baturiya da ta haifi kamarmu, siririya, mai shan iska kaɗan-kaɗan. Babban jiki ya fi cin iska, sabon shiga ya fi cin iska, a mita 20 kuma kowane numfashi ninki uku yake ɗiba daga tukunya. Ƙa'ida ita ce in agogonka ya kai bar 100 ka sanar, in ya kai 50 ka ɗaga dunƙulallen hannu kusa da kunne, a kama hanyar sama.

Malam ya juyo ya tambayi kowa. Yaron ya yi zobe. Muka ci gaba da bin gefen dutse, igiyar ruwa tana ɗan tura mu baya. Can na waiga na ga kumfansa ya yawaita, hannuwansa suna iyo, abin da mai natsuwa ba ya yi. Na matsa na kamo agogonsa na duba. Allurar ta nutse cikin ja, ta kusa kwanciya. Ina ɗago kai na ga ya ja numfashi ya ji tauri. Idanunsa suka cika gilashin. Ya kai hannu maƙogwaro, ya fara harbin ruwa zai yi sama.

Na cafki madaurin rigarsa da hannun hagu, na fizgo bututun rawaya na kai bakinsa ina danna maɓallin don iska ta kore ruwan. Ya kama da hannu biyu yana zuƙa, yana tari, yana jana sama da ƙarfinsa na ɗan kokawa. Ni kaɗai ba zan iya riƙe shi ba. Sai ga Malam ta bayansa, ya kama wuyan tukunyarsa, ya sace iskar rigarsa, ya zagayo ya sa fuskarsa dab da tasa. Ya ɗora masa tafin nan a ƙirji. Muka hau a hankali mu uku a manne, ba mu wuce ƙananan kumfanmu ba, muka tsaya minti uku a ƙasa da saman ruwa kaɗan kamar yadda aka saba, shi yana shan iskata, ni ina kallon agogona yana sauka da saurin mutum biyu. Allah ya sa ta ishe mu.

A cikin jirgi ba wanda ya ce masa uffan. Baturiyar ta miƙa masa ruwan sha. Sai da muka sauka muna wanke kaya ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wallahi na ga allurar tun tana hamsin."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kunya na ji. Tsohuwar nan ko rabi ba ta sha ba. In ce ni na fara gazawa, a katse wa kowa tafiya saboda ni?"

Na ce masa, "Ƙanena, Hausawa sun gama magana, tsoro na daji, kunya na gida. Nan daji ne. Ka shigo da kunya inda ba wurinta ba, ta kusa cin rai biyu."

Malam bai yi masa faɗa ba. Hukuncin da ya yanke shi ne, a fita ta gaba yaron ne zai ɗaga yatsa ya katse tafiyar, a lokacin da ya ga dama, a gaban kowa, kuma haka za a yi ta yi har abin ya daina yi masa nauyi. Yau yana cikin masu nutson da na fi amincewa da su.

Na daɗe ina juya wannan al'amari, don na san inda yaron ya samo halinsa, tushenmu ɗaya. An raine mu a kan dauriya. Yaro ba ya kuka a hannun wanzami. Mace tana naƙuda tana cije leɓe. Magidanci yana fama da ciwo wata da watanni, in ka gaishe shi ya ce lafiya lau, sai ranar da ya faɗi a kasuwa. Ba na raina dauriya, ita ta fitar da iyayenmu daga yunwar 1984, kuma mutumin da ba shi da kunya ba abokin zama ba ne. Amma akwai wuraren da zurfin ciki ke kashewa, kuma ba mai shi kaɗai yake kashewa ba, har da wanda ke kusa da shi. Masu nutso ba su fi mu jarumta ba. Abin da suka yi shi ne sun cire gori daga cikin lamarin, suka mayar da faɗin gaskiya abu mai arha, har mai jin nauyi ma zai iya.

Ni ma ranar biyan nawa kuɗin ta zo. Bayan shekaru, na riga na sami takardar mataki na gaba, wani taron aiki ya kai ni Alƙahira, na ƙara kwanaki na wuce Sharm el-Sheikh a bakin Bahar Maliya. Na yi nutso a Ras Muhammad, inda ruwa yake garau, murjani ya yi bango ya gangara har inda ido ba ya kaiwa. Amma burina shi ne Thistlegorm, jirgin dakon kayan Ingila da jiragen saman Jamus suka nutsar a watan Oktoban 1941, yana kwance a zurfin kimanin mita 30 da babura da manyan motoci jere a cikinsa har yau. Na biya kuɗin tun da wuri, kuɗin da sai da na yi tanadi. Jirgi ya tashi kafin asuba. Muna hanya na ji hancina ya toshe, mura ta sauko. Na gwada hura kunne, na dama ya buɗe, na hagu ya ƙi.

Wani baƙo ya miƙo mini maganin fesawa a hanci, ya ce minti biyar zai buɗe. Na san zai buɗe. Na kuma san in ƙarfin maganin ya ƙare ina ƙasa, hanyar za ta sake toshewa, iskar da ke cikin kunne ta rasa mafita wajen hawa, ga shi hawa dole ne, ba a fasa shi. A irin wannan zurfin kuma ba a gaggawar fitowa, don naitirojin ya riga ya narke cikin jini da tsoka, sai an ba shi lokaci ya fita ta numfashi, in ba haka ba ya zama kumfa a gaɓoɓi ko a laka, ya shanye wa mutum ƙafafu. Saboda shi ne ma ake hana mai nutso hawa jirgin sama sai bayan awa 12, in ya yi nutso da yawa awa 18. Na je wurin jagoran, Bamisire, na ce yau ba zan shiga ba. Ya dafa kafaɗata ya ce madalla, ya sake wa abokin tafiyata ayari, shi ke nan. Na zauna a jirgi ina kallon kumfan mutane yana fashewa a saman ruwa, raina yana ƙuna, ba zan ɓoye ba. Har yau ban ga Thistlegorm ba. Kunnuwana biyu kuma lafiyarsu lau, da su nake sauraron ƙirjin dabbobi.

Inda abin ya yi mini rana da gaske a tudu ne. Wata bazara muna rigakafi a wani ƙauye kudu da Maradi, sai aka yi kururuwa, akuyar wata tsohuwa ta faɗa tsohuwar rijiya da aka daɗe da barin ta. Kafin in isa samari sun taru, an kawo igiyar guga, wani ya tuɓe riga yana ɗaura ta a ƙugu, sauran suna zuga shi. Na leƙa. Rijiyar tana da zurfi, ƙasanta shara ce da ruɓaɓɓen ganye, akuyar kuma ba ta motsi, ba ta kuka. Na je wurin maigari na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ina roƙon arziki. A dakatar da yaron nan, a ba ni fitilar ƙwai da igiya."

"Likita, akuyar marainiyar Allah ce, ita ke nan gare ta."

"Na sani, ranka ya daɗe. Minti biyar kawai nake nema."

Aka kawo fitila, muka kunna, muka zura a hankali. Kowa ya yi shiru yana leƙe. Ta wuce rabi tana ci. Can ƙasa harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi ja, ya mutu, ba iska ba girgiza. Muka jawo, muka sake kunnawa, muka sake zurawa, ta sake mutuwa a daidai wurin. Na ce musu abin da ya kashe wutar nan shi ya kashe akuyar. Ruɓar shara tana cinye oksijin ta bar iskar kabon, wadda ta fi iska nauyi, sai ta kwanta a gindin rijiya, ba launi ba alama. Mai shiga ba ya samun damar kiran taimako, numfashi kaɗan ne jiri ya ɗauke shi. Na biyu ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Abu na farko da ake koya wa mai ceto a ruwa ke nan, kada ka ƙara yawan gawa.

Wani daga baya ya ce wa saurayin, "Ashe tsoro kake ji." Na ga yaron ya sake kama igiyar. A nan ne na ɗaga murya, abin da ba na yi a gaban manya. Na ce duk wanda ya sake yi masa gori shi za a ɗaura wa igiyar. Maigari ya ce magana ta ƙare, Likita ya yi gaskiya. Da ƙugiya aka fito da mushen. Kafin mu tashi an yi wa tsohuwar karo-karo, saurayin nan shi ya fara ba da nasa.

Gwajin fitila yana da iyaka, kuma dole in faɗa. Ba a yin sa a masai ko shadda, don iskar can tana kamawa da wuta. Ba ya kuma tona hayaƙin injin ban-ruwa, wanda masu lambu a fadama kan zura cikin rijiya in ruwa ya ja baya. Wannan hayaƙin yana ɗauke da kabon monoksaid, fitila tana ci lafiya lau mutum yana mutuwa. Inji ya zauna a waje, in kuma wani ya faɗi a ciki a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18 maimakon a bi shi ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da na tuna ramukan zinariya na Garin Liman, wajen Ɗan Isa, da suka rufta a watan Nuwamban 2021 suka ci aƙalla mutum 18, nakan tambayi kaina ko a cikinsu akwai wanda ya ga ƙasa tana zubowa, ya so ya ce a fita, ya ji nauyin abokansa.

A ayarin aikina yanzu ƙa'idar Malam muke bi. Ko ƙaramin ma'aikaci ne ya ce bai yarda da bijimin nan ba, ko ya ce rana ta yi masa yawa, ko direba ya ce barci yake ji a hanyar Dakoro, tsayawa ake yi, kuma na hana a mayar da shi abin zolaya a wurin shan shayi. Da farko ba mai faɗa. Sai da suka ga ni da kaina ina cewa na gaji a tsaya, sannan bakinsu ya buɗe.

Sauran abin da ke gabana shi ne yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, ƙananan yara kuma suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli don tunatarwa a kan haka, ranar da ta faɗo a tsakiyar daminarmu, lokacin da kududdufai suka cika. Bayan ambaliyar da ta auka wa Maradi a 2024 na daina ganin iyo a matsayin wasan masu kuɗi. Ƴaƴana maza sun iya, ni na koya musu a wurin iyo na wani otal, kuma kafin su koyi bugun ruwa sai da suka koyi kwanciya rigingine su huta, da miƙa wa wanda ruwa ya ja sanda ko jarka maimakon su faɗa su kamo shi. Mun yi magana da mai otal ɗin ya yarda ya ba mu safiyar Lahadi da rangwame don yaran unguwa, iyaye sun fara kawo sunaye, wani tela ya ɗinka wa ƴan mata kayan iyo masu rufe jiki. Abin da ya tsayar da ɓangaren ƴan matan shi ne mace mai koyarwa, don iyayensu sun ce sai mace, kuma suna da gaskiya. In akwai ƴar uwa da ta iya iyo a Maradi, ko Tasawa, ko nan Katsina, wadda za ta iya ba mu safiya ɗaya a mako, muna nemanta kafin ruwan bana ya sauka.